Ƙaramin lemun da ake ci har da ɓawo

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, wata rana bayan la'asar cikin dari. Mun rubuta shi yadda ya faɗe shi, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa mutanen gidansu.

  

Yau ba zancen hatsi ya kawo ni ba, ba kuma na wake ko na gyaɗa ba. Zancen icce ɗaya ne tak, ɗan ƙarami, wanda ake dasawa a tsakar gida. Ga ƴaƴansa nan cikin ƙwarya, daga gidana na tsinko su da safe. Ku miƙa wa juna, kowa ya ɗauki ɗaya.

Na ga Baba ya sa farce zai ɓare nasa. A'a Baba, bar shi da rigarsa. Wannan lemu da ɓawonsa ake cin sa. Ku murza shi kaɗan tsakanin yatsu. Kun ji ƙamshi? Man da ke cikin ɓawon ne ya fito. To yanzu ku sa shi a baki gaba ɗaya, ku tauna, ku tofar da ƙwayoyin.

Me kuka ji? Da farko zaƙi, bayan haka ɗan tsami. Lemun da muka saba da shi, ɓawonsa ɗaci, cikinsa zaƙi. Wannan kuwa ya juya lamarin. Zaƙinsa yana ga ɓawo, tsaminsa yana ciki. Wanda ya ɓare shi ya yar da ɓawon, ya yar da abin da ya fi daɗi.

Sunansa kumkwat. Ba sunan Hausa ba ne, ba kuma na Faransanci ba. Daga bakin mutanen Kanton ya fito, can kudancin ƙasar Sin, ma'anarsa lemun zinariya. Can ne asalinsa. Wani littafi da aka rubuta a Sin a kan lemu, a shekarar 1178, ya yi maganarsa. Turawa ba su san shi da wuri ba. Sai a 1846 wani mai neman tsirrai da ake kira Robert Fortune ya kai shi Ingila. Daga baya ya isa Amurka, ya isa bakin tekun Bahar Rum. Akwai wani tsibiri na ƙasar Girka, ana ce masa Korfu, mutanensa suna noman shi suna yin alewa da shi. A kudancin Sin kuwa, idan sabuwar shekararsu ta zo, mutane sukan sayi icce cikin tukunya, ƴaƴa sun cika shi, su ajiye a ƙofar gida ko su kai wa ɗan uwa kyauta.

Ku lura da wannan magana ta tukunya. Icce ne wanda tun can asali ya saba zama kusa da mutane. Ba ya saurin girma. Idan ya manyanta a ƙasa, tsawonsa mita 3 ne ko 4, sau da yawa ma bai kai haka ba. A tukunya kuwa da kyar yake wuce tsawon mutum. Ganyensa ba ya kaɗewa duka shekara. Furensa fari ne mai ƙamshi. Icce ɗaya yana haihuwa shi kaɗai, ba sai an dasa masa ɗan uwa kusa ba. Shi ya sa ya dace da gidan da ba shi da fili, inda mangwaro ba zai samu wuri ba.

Iri-iri ne, kuma a nan ne mai saye yake yin kuskure. Akwai wanda ake kira Nagami. Shi dogo ne kamar aduwa ko dabino, cikinsa da tsami sosai.  Akwai Marumi, ƙarami mai zagaye. Sannan akwai Meiwa, wanda kuka ci yanzu. Sunan nan daga Japan ya fito. Meiwa ya fi su girma kaɗan, kamar ƙaramin gauta, ɓawonsa da kauri, ruwansa kaɗan, tsaminsa kaɗan. Shi ne ake nufi idan an ce kumkwat mai zaƙi. Ƙayarsa ba ta da yawa, wannan kuwa abin so ne a gidan da yara suke wasa. Ku rubuta sunan a allonku tun yanzu, tunda kun iya rubutu: Meiwa. Ran da za ku saya, ku nuna wa mai sayarwa.

Kafin in gaya muku yadda ake dasa shi, bari in gaya muku gaskiya, don kada gobe wani ya ce malamin gona ya rufe shi. Wannan icce baƙo ne a ƙasarmu. Ba a cika ganin ƴaƴansa a kasuwanninmu ba. Idan ka kai su kasuwa yau, mutane za su ce lemu ne da ya ƙi girma, su wuce. Saboda haka ba iccen neman kuɗi ba ne. Iccen gida ne, na yara da baƙi. Wanda yake da wuri ɗaya tak, ruwansa kuma kaɗan, ni shawarata ya fara da lemun tsami, ya sa zogale a gefe. Lemun tsami ya fi jimiri, ana saye, ana sa shi a kunu da fura. Kada kowa ya je ya tuge lemun tsaminsa saboda maganata.

Amma dangin lemu ba baƙi ba ne a Nijar. Kun san lemun Gaya, can bakin kogi inda ruwan sama ya fi yawa. Kun ji labarin Timiya, cikin duwatsun Abzin, inda masu garka suke fitar da lemun zaƙi da tanjarin su kai Agadas. A garake na bakin gulbi da na korama ma akwai lemu. Inda lemu yake rayuwa da ban ruwa, wannan ƙanen nasa yana iya rayuwa, idan an kula da shi. Yana son zafi kafin ya yi fure, zafi kuwa muna da shi. Yana son sanyin dare kafin ɓawonsa ya yi ja, sanyin dari yana ba shi wannan. Abin da yake wahal da shi a wurinmu shi ne bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, iska kuma ta bushe ƙayau. Zan dawo kan wannan.

Yanzu ga babbar magana, wadda na fi so ku riƙe. Kada ku shuka ƙwayarsa.

Ni na yi, na ga abin da ya faru. Ran da na fara cin kumkwat, na ƙulle ƙwayoyi 10 a bakin rawani na kawo gida. Na shuka su cikin leda, 7 suka tsiro. Na yi murna. Shekara ta zagayo, tsawonsu bai wuce taki ɗaya ba. Ganye ya yi rawaya, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya kai shekara 3, bai taɓa yin fure ba, shi ma ya bi sauran. Ba taki suka rasa ba, ba ruwa ba. Saiwar kumkwat ce ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ko a Sin da Japan ba a barin shi a kan saiwarsa. Aure ake yi masa.

Kun san auren mangwaro. To haka ne. Ana samun wani lemu mai saiwa mai ƙarfi, a raine shi har kaurinsa ya kai na fensir. Shi ne gindi. Sai a yanko ido ɗaya daga reshen kumkwat mai haihuwa. A tsaga ɓawon gindin kamar harafin T, wajen santimita 20 daga ƙasa, a zura idon ciki, a ɗaure da tsinken leda. Bayan sati 3 a kwance. Idan idon yana nan kore, aure ya kama. Sai a yanke kan gindin, idon ya toho ya zama icce. Ƙasa lemu ne mai ƙarfi, sama kumkwat ne mai zaƙi. A Sin da Japan, gindin da suka fi amfani da shi wani lemun daji ne mai ganye uku-uku da ƙaya. Zaɓen gindin da ya dace da ƙasar wuri aikin masu pepiniyer ne, wato masu rainon ƙananan itatuwa. Icce mai aure yana fara haihuwa cikin shekara 2 ko 3.

Kuskurena na biyu ya fi na farko zafi, don kuɗi na fitar. Na sayi ɗan icce a bakin hanya a hannun wani mai talla. Ya rantse mini kumkwat ne mai zaƙi. Ban duba ba. Na yi ta ban ruwa shekara 3. Da ya haihu, ƴaƴan ƙanana ne ja, kamar na gaske. Na sa ɗaya a baki, hawaye suka zubo mini. Akwai wani ɗan uwansa da ake kira kalamondin, kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba, amma tsaminsa ya kai na lemun tsami. Mai ɗakina har yau tana yi mini dariya. Muna matsa shi a kunu dai, bai zama hasara duka ba.

Saboda haka idan za ku saya, ku je wurin mai pepiniyer wanda aka sani, wanda za ku iya komawa wurinsa gobe. Ku ce ya nuna muku uwar da ya yanko idon. Idan tana da ƴaƴa, ku ɗanɗana. Ku duba jikin ɗan iccen: wurin aure yana nan kamar gwiwa, ɗan kumburi ko ɗan lanƙwasa sama da ƙasa. Idan ba ku ga gwiwa ba, ku mai da kuɗinku aljihu. Ku duba ganye, ya zama kore shar, ba rawaya, ba ƙwari a bayansa.

Wani zai ce, ɗana yana tafiye-tafiye, bari ya kawo mini daga waje. Ina roƙonku kada ku yi haka. Akwai wata cuta ta lemu wadda ba ta da magani. Tana sa ganye ya yi rawaya rabi da rabi, ƴaƴa su karkace su yi ɗaci, icce ya mutu a hankali. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne yake kai ta daga icce zuwa icce, tana kuma tafiya cikin reshe da ƙananan itatuwa da mutane suke ɗauka. An same ta a jihar Florida ta Amurka a 2005, ta kuwa karya noman lemu a can, su da suke da kuɗi da masana. An ba da labarin ganin ƙwaron a Najeriya a 2020, a Gana kuma a 2023. Icce ɗaya da aka ɓoyo cikin kaya yana iya jawo wa masu garka duka masifa. Tsiron da zai ƙetare iyaka, sai ma'aikatan kare tsirrai sun duba shi.

To, mun samu icce na gari. Kafin a haƙa rami akwai shawarar da za a yi a cikin gida. Maza, da ku nake. Wa zai ba shi ruwa?

Mu yi lissafi tare. Ɗan icce yana son bokiti 2 a kowane ban ruwa, sau 3 a sati idan ba damina ba. Rani a wurinmu wata 8 ne, wajen sati 35 ke nan. Sati 35 sau 3, an samu 105. A ninka da bokiti 2, an samu 210. Bokiti 210 a shekara, saboda icce ɗaya. Idan rijiyarku gaba 20 ce, kun san wa yake jan wannan guga. Na ga iyayenmu mata suna gyaɗa kai. Sau da yawa maigida yakan kawo icce da murna, ya dasa, ya tafi cin rani, ya bar wa matarsa aiki wanda ba a shawarce ta ba. Idan ya dawo ya tarar ya bushe, sai faɗa. Ku zauna ku yi magana tun farko. Idan akwai yaro ɗan lakkal, a ba shi iccen ya zama nasa. Yaro ba ya barin abinsa ya mutu.

Akwai dabarar rage wahala. A dasa shi kusa da inda ake alwala, ruwan ya riƙa gangarawa wurinsa. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ƙwarya duk suna yi. Amma ban da ruwan sabulu, ban da ruwan da aka sa wa kanwa ko gishiri. Dangin lemu duka ba sa shiri da gishiri. Idan ruwan rijiyarku yana da kanwa har kuna jin ta a baki, bakin ganye zai riƙa ƙonewa, iccen ba zai yi daɗin rai ba. Mai irin wannan rijiya ya haƙura.

Wurin dasawa ya zama inda hantsi yake samun shi sosai, amma inuwar katanga ko ta wani icce tana rufe shi bayan azahar. A littattafan Turawa za ku ga an ce a sa shi cikin rana tun safe har yamma. Ranarsu ba irin tamu ba ce. Kada kuma a sa shi ƙarƙashin dogon yaro, saiwar dogon yaro za ta shanye masa ruwa. A bar mita 2 tsakaninsa da bango. A guje wa kwari inda ruwa yake kwanciya da damina.

Rami kuwa, santimita 60 faɗi, 60 zurfi, wajen kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ƙasar sama a zuba ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ƙasar sama da bokiti 2 na taki wanda ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ba ya wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A mai da ƙasar cikin rami, a ba ta ruwa, a bari sati 2 ta zauna. Lokacin dasawa shi ne idan damina ta kankama. Tun 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ran 3 ga watan Agusta. Wanda ya haƙa raminsa tun farkon damina, wannan rana ta yi masa daidai. A dasa da yamma. A yanke ledar da reza a hankali, kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta watse.

Ga inda mutane da yawa suke kashe lemunsu da hannunsu: suna binne shi da zurfi, wai don ya kafu. Kada ku yi. Yadda ƙasa ta tsaya masa cikin leda, haka za ta tsaya masa cikin rami. Gwiwar aure ta kasance sama da ƙasa da taki ɗaya. Sannan a yi masa zobe biyu na ƙasa. Ƙarami kusa da gindi, babba daga waje. Ruwa a tsakanin zobe biyu ake zuba shi, kada ya taɓa jikin iccen. Idan jikin lemu yana jiƙe kullum, wata cuta tana kama shi, ɓawo ya tsage, ƙaro ya riƙa fita, ya ruɓe ya zagaye gindin. Ran da ruɓar ta haɗe, icce ya tafi.

Akuya kuwa ba sai na gaya muku ba. Kafin ku ɗauko iccen, ku tanadi ƙaya ko tubali na kewaye shi. Ba gobe ba, ranar.

Wanda yake gidan haya, ko ƙasar gidansa fako ce, ya sa shi a tukunya. Mutane sun fi son rabin tano. Yana yi, amma ƙarfe yana ɗaukar zafi da bazara har ya dafa saiwa. Idan shi kuke da shi, ku naɗe shi da tsohuwar tabarma ko buhu. Ni na fi son tsohuwar randa wadda ta tsage, don tana riƙe sanyi. Ko wanne ne, a huda gindinsa wuri 4 ko 5, a ɗora shi kan duwatsu, ruwa ya samu hanyar fita. A cika shi da rairayi kashi 2, ƙasar garka kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Na tukunya ya fi na ƙasa jin ƙishirwa. Da bazara kullum ne, da sassafe. Amfaninsa shi ne ana iya jan shi zuwa inuwa, kuma idan an tashi daga gida a tafi da shi.

Yaya za a san yana son ruwa? A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. Idan da laima, a bari. Idan a bushe, a ba shi. Yawan ruwa yana kashe lemu kamar yadda rashinsa yake kashewa.

Na ce zan dawo kan bazara. Wata biyun nan, Afrilu da Mayu, su ne jarrabawa. Iska mai zafi tana kaɗe fure da ƙananan ƴaƴa, rana tana ƙona ganye. A shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan zoben, kauri kamar yatsa 4, don ƙasa ta riƙe laima. Amma a bar tafin hannu ɗaya tsakanin ciyawar da jikin icce, a riƙa ɗagawa ana duba gara. Ɗan icce na shekarar farko, a yi masa ƴar rumfa ta kara ta gefen yamma. Kada a bari ya bushe har ganye ya naɗe sannan a cika shi da ruwa. Wannan yana sa ya zubar da abin da ya ɗauka. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi.

Taki: bokiti ɗaya na ruɓaɓɓe a farkon damina, ɗaya a ƙarshenta. Mai takin zamani 15-15-15 ya sa rabin ƙaramin gwangwanin tumatir, sau 3 a shekara, ga ɗan icce. A barbaɗa daidai inda inuwar ganye ta tsaya, a bi da ruwa. Idan kun ga sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore, sau da yawa ƙasar ce ta yi kanwa, icce ya kasa shan abincin da ke cikinta. Masu zuba toka kullum saboda gara, ku rage hannu, toka tana ƙara wannan.

Duk sati ku duba ƙasan gwiwa. Idan wani toho ya fito daga nan, ku cire shi tun yana ɗanye. Wannan ba kumkwat ba ne, gindin ne yake son ƙwace gida. Ya fi ƙarfi, ya fi sauri. Idan kun bar shi, bayan shekara 2 za ku tarar da babban icce mai ƙaya, kumkwat ɗin kuwa ya shanye. Ban da wannan, ba ya son yawan sassabe. A cire busasshen reshe kawai.

Ƙwari kuma. Akwai tsutsar malam-buɗe-littafi. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, idan ta girma ta zama kore. Guda 3 suna iya cinye ganyen ɗan icce cikin kwanaki kaɗan. Maganinta hannu: a tsince da safe a ba kaji. Akwai wata ƙaramar tsutsa mai shiga cikin sabon ganye, ta bar farin zane kamar sawun maciji. Akwai darɓa, wadda kuka sani a wake. Waɗannan biyu, ƴaƴan dogon yaro suna rage su. A daka busassun ƙwayoyi rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Maganin ƙwarin auduga ko na rumbu, kada ya kusanci wannan icce. Ku tuna da ɓawo ake cin sa, yara ne kuma masu ci. Ƙudan da yake sa wa mangwaro tsutsa yana taɓa lemu ma. Duk ɗan da ya faɗi ƙasa a tsince, a ƙulle cikin baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne da zurfi.

Shekarar farko idan ya yi fure ya ɗaura ƴaƴa, ku tsinke su. Na san da wuya. Amma yaro ba ya ɗaukar kayan babba. Ku bar shi ya yi reshe tukuna. Daga fure zuwa nuna, wajen wata 6 ne. Kada a yi gaggawa. Lemu ba kamar mangwaro ba ne ko ayaba, idan an tsinke shi ba ya ƙara nuna. A bar shi a kan icce har ya yi ja duka. Yana iya zama a can makonni bai lalace ba, ana tsinka kaɗan-kaɗan. A yanke da almakashi, don idan an fizge ɓawon yana yagewa.

Mene ne amfaninsa ga jiki? Ƴaƴa 5 sun kai wajen giram 100. A cikinsu akwai bitamin C wajen miligiram 44, kusan rabin abin da babban mutum yake bukata a yini. Rashin wannan bitamin shi yake sa dasashi ya riƙa jini, miki ya ƙi warkewa da wuri. Yana kuma taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga hatsi da wake, wanda yake ƙara jini. Shi ya sa yake da kyau mai ciki da yaro su ci bayan tuwo. Ga shi yana nuna cikin dari, kafin mangwaro ya zo. Amma abinci ne, ba magani ba. Yaro mai zazzaɓi ko zawo, gidan likita za a kai shi.

Iyaye mata, ga gargaɗi. Yaron da bai kai shekara 4 ba, kada a ba shi guda. Yana iya maƙale masa a wuya. A wanke, a raba huɗu, a cire ƙwayoyin.

Idan ya yi yawa, ba a yar da shi. Mutanen Kanton suna jera shi cikin kwalba, gishiri bisa lemu, lemu bisa gishiri, su rufe su ajiye watanni. Idan maƙogwaro yana yi wa mutum kaikayi, sai a murƙushe ɗaya cikin ruwan zafi a sha. A Japan kuwa dafa shi suke yi da sukari. Wannan mun gwada a gidana. A raba shi biyu, a cire ƙwaya. Kwano 2 na lemu, kwano 1 na sukari, kwano 1 na ruwa. A dafa da ƙaramar wuta har ya yi sheƙi, ruwan ya yi kauri kamar zuma. A zuba cikin kwalbar da aka tafasa. Ana ci da burodi ko da masa. Masu shayi, ku yanka ɗaya ku jefa cikin buta a dahuwa ta biyu, ku ba ni labari.

Na ji ana shirin kiran magariba. Wanda yake son icce ya ba malaminku sunansa, shi da kansa zai rubuta a takarda, ba wanda zai rubuta wa wani. A gaban sunan ya rubuta sunan wanda zai riƙa ban ruwa. Ran kasuwa mai zuwa zan dawo da wuƙa da ƴan itatuwa, mu gwada aure a kan lemun tsami, kowa ya yi da hannunsa. Inna, na ga kin ƙulle ƙwayoyi a bakin zane. Kwance ki zubar. Sauran biyun da ke cikin ƙwarya, kai wa jikokinki.